Harsashi a Kan Jigawa: Tarihin Gini da Ƙasa a Karkarar Arewacin Kano

Duk shekara idan ruwan Agusta ya zauna, labarin da ke fitowa daga ƙauyukan Dawakin Tofa, Bichi, Minjibir, Makoɗa da Ɗambatta kusan iri ɗaya ne: katanga ta kwanta, ɗaki ya tsage daga linta har gindi, ƙofar da ake rufewa lafiya da rani ta ƙi shiga mazauninta. A da a kan ginin ƙasa ake jin wannan. Yanzu har da na bulo, har da shaguna da azuzuwan makaranta da ba su cika shekara goma ba. In aka tambayi dalili, amsar da ke bakin kowa ita ce ƙasar wurin yashi ce, ba ta riƙe gini. Amsa ce mai sauƙin faɗa domin ba ta ɗora wa kowa laifi, sai dai tarihin gini a yankin bai goyi bayanta ba. A kan wannan jigawar aka yi ɗaruruwan shekaru ana kafa garuruwa masu ganuwa, ana ta da soraye da masallatai. Ƙasar tana nan yadda take. Abin da ya sauya shi ne wurin da ake zaɓa a yi gini, da saurin da ake ɗora wa ƙasa nauyi, da yadda ake bi da ruwa a gindin bango.

Rairayin da ya lulluɓe arewacin Kano iska ce ta kawo shi daga arewa maso gabas, a zamunan fari na dubban shekaru da suka wuce, lokacin da hamada ta sauko kudu fiye da inda take yau. Masanin labarin ƙasa A. T. Grove ya yi rubutu a kan waɗannan tsofaffin tuddan rairayi na ƙasar Hausa a 1958. A ƙarƙashin rairayin, a wurare da yawa, akwai jar ƙasa mai tsakuwa, wato burji, sannan marmara, irin wadda ta yi wa Dala da Goron Dutse hula, sannan ruɓaɓɓen dutse. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rijiya ana haƙa ya ga wannan jeri da idonsa, yadda launin ƙasar da ake fitarwa a guga ke sauyawa daga fari-fari zuwa ja. A kwaruruka kuwa, da gefen kogunan Jakara, Tomas, Gari da Watari, laka ce ta fadama, mai kumbura da damina ta dare da rani. Manomi ya san bambancin nan tun fil azal, don shi ke gaya masa inda zai sa gero da gyaɗa da inda zai sa rake. Magini ma ya san shi, kuma da shi yake fara aiki.

Ilimin ƙasa na injiniyoyi, wanda Karl Terzaghi ya kafa tubalinsa da littafinsa na 1925, ya fayyace abin da ke faruwa a ƙarƙashin bango. Laka tana riƙe ruwa a ƴan ƙananan ƙofofinta, in aka ɗora mata nauyi ruwan yana tsatsafowa a hankali, don haka gini zai iya shekaru yana nutsewa. Hasumiyar Pisa ta Italiya, wadda aka fara a 1173, ta karkace ne saboda ƙasa mai taushi irin wannan. Yashi da tsakuwa ba haka suke ba. Ƙwayoyinsu a jingine suke da juna, ruwa yana ratsa su nan da nan, saboda haka duk lotsawar da za su yi suna yin mafi yawanta ne a lokacin da ake ɗora nauyin, kafin ma a rufe ɗaki. Shi ya sa injiniyoyi suke lissafa su cikin ƙasa mai kyau ga harsashi. A ƙiyasin littattafansu, tsakuwar da ta danƙare tana ɗaukar sama da tan 60 a kan kowace murabba'in mita, yashi mai matsakaicin danƙarewa tan 10 zuwa 30, sakakken yashi kuwa ƙasa da tan 10. Sirrin yana cikin kalmar danƙarewa. Wanda ya taɓa auna gero ya san in an cika mudu aka girgiza shi, sai hatsin ya sauka ya bar wuri, alhali ba a rage ko ƙwaya ɗaya ba. Sakakken yashi haka yake yi in an girgiza shi ko an jiƙa shi. Akwai kuma ƙarin hatsari ga rairayin da iska ta zube: ɗan yumɓu ne kaɗan yake haɗa ƙwayoyinsa, yana da tauri da rani har diga na tartsatsi, amma ranar da ruwa ya cika shi alhali da nauyi a kansa, ɗaurin sai ya sake, ƙasar ta zauna farat ɗaya. Idan kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso ya kai gindin harsashi, ƙarfin ɗaukar yashi yana raguwa da kusan rabi. Kuma nutsewa ita kaɗai ba ta cika fasa gini ba. Ginin da ya sauka gaba ɗaya daidai wa daida sau da yawa mai shi ba ya ma sani. Wanda kusurwa ɗaya ta sauka ta bar sauran, shi ke darewa.

Idan aka riƙe wannan a zuciya aka dubi yadda maginin gargajiya yake aiki, za a ga kusan kowane mataki nasa amsa ce ga ɗaya daga cikin waɗannan hatsarori. Da farko wuri: tudu ake nema, inda ruwa ba ya kwana, kuma mutanen gari sun san hanyar da ruwa ke bi don sun gan shi damina bayan damina. Sai a haƙa harsashi a wuce sakakkiyar ƙasar sama, wadda garma da gara da saiwoyi suka sassauta, har a taɓa ƙasa mai tauri, galibi wajen kamu ɗaya ko fiye da haka gwargwadon girman ginin. Ƙasar ginin daga kududdufi ake ɗebo ta, a jiƙa, a zuba ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa, sannan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya. Magini yana zaune a kan bango kamar mahayi, yara na jefo masa tubali da curin ƙasa yana cafewa yana jerawa. Ba ya ta da bango a yini ɗaya. Yana ɗora ƴan layuka ya bari su sha iska, ya koma wani ɓangaren, kuma duk wannan da rani ake yi, tsakanin kaka da bazara. Ma'anar haka a harshen injiniya ita ce nauyi yana hawa kan yashi kaɗan-kaɗan, yashin yana gama lotsawarsa tun ginin yana ɗanye, lokacin da bango zai iya bin ƙasa ba tare da ya karye ba, kuma layin da ke biye yana gyara ɗan karkacewar na baya.

Siffar bangon ma lissafi ce. Bangon ƙasa mai tsawon mita 3 in a miƙe yake yana danna ƙasa da abin da bai wuce tan 5 ko 6 ba a murabba'in mita. Bangon Bahaushe kuwa gindinsa ya fi kansa kauri nesa ba kusa ba, don haka nauyin ya ragu a sama ya bazu a ƙasa, kuma a yashi, faɗin gindi da zurfinsa suna ƙara wa ƙasa ƙarfin riƙo domin ƙwayoyin ba sa samun hanyar zamewa gefe. Ganuwar Kano, wadda tarihin sarakunan Kano ya ce an fara ta zamanin Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134), Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) kuma ya faɗaɗa ta, ita ce babbar shaidar wannan dabara. Turawan da suka ci birnin a 1903 sun rubuta cewa kaurin gindinta ya kai ƙafa 40 a wasu wurare. Ganuwoyin ƙananan garuruwan karkara a kan wannan tsari aka yi su.

Wanda yake shakkar cewa mutanen nan sun san danƙarar da ƙasa, ya dubi daɓe. Matan unguwa ne suke taruwa a sabon ɗaki. A shimfiɗa burji ko dakakkiyar marmara, a yayyafa ruwa daidai, kada ya bushe kada ya yi caɓi, sannan su durƙusa a jere da maɗaɓai suna bugawa tare, suna waƙa don hannu ya daidaita. A bari ya sha iska, a sake yayyafi, a sake bugu, daga baya a shafe da ruwan makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, har daɓen ya yi santsi da duhu. Abin da injin nadi yake yi a kan hanyar mota ke nan: tsakuwa mai gauraye da ƴar ƙasa, laima daidai gwargwado, shimfiɗa siririya, duka mai yawa. Abin takaici ne a ce al'ummar da matanta suka gaji wannan sani yau tana zuba ciko mai zurfin mita guda da tifa, a baje da shebur, washegari a zuba kankare a kai.

Gaskiya ce kuma a faɗa cewa ba kowa ne yake da soro ba. Talakan karkara a ƙarni na 19 mafi yawa ɗakin ƙasa zagayayye mai jinkar ciyawa yake kwana, darninsa na kara ko zana, kuma a inda rairayi ya yi zurfi ƙasar gini kanta wahalar samu take. Nauyin da ake ɗora wa ƙasa kaɗan ne. Manyan gine-gine na masu sarauta ne da attajirai da malamai, kuma su ne suke hayar ƙwararru, waɗanda sana'arsu gado ce, suna da Sarkin Magina mai kula da tsarin aikin. Daga wannan zuriyar sana'a aka sami irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu, ɗaurin gugansa na tsaye har yau. Da Turawa suka sa hakimai su bar birnin Kano su zauna a gundumominsu, wajen 1908, manyan zauruka irin na birni sun ƙaru a hedikwatocin karkara irin su Ɗambatta ta Sarkin Bai da Dawakin Tofa ta Madaki. Duk inda aka yi irin wannan gini kuwa, an bar rami a gefensa. Hugh Clapperton, da ya shiga Kano a 1824, ya lura da tafkunan da haƙar ƙasar gini ta haifar a cikin birni. Kududdufin nan da baƙi suke ƙyama yana da aiki: shi ne maƙurar ruwan unguwa, can indararo da kwata suke kai shi, nesa da gindin bango.

Sauyi ya zo ne daki-daki. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kawo kwanon rufi da siminti, cinikin gyaɗa kuma ya kawo kuɗin saye. Amma siminti bai zama kayan ƙauye ba sai da aka fara yin sa a gida, a Nkalagu a 1957, a Sakkwato a 1967, a Ashaka a 1979, sannan kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya bazu. A daidai wannan lokaci abubuwa biyu suka haɗu da ba a cika lura da haɗuwarsu ba. Na farko ƙuncin fili. Michael Mortimore da abokan aikinsa, da suka yi nazarin karkarar da ke kewaye da Kano a shekarun 1960, sun tarar ana noma sama da kashi 80 cikin 100 na ƙasar kowace shekara, ba hutu, da takin da jakuna ke ɗaukowa daga birni. A wurin da gona take da wannan daraja, kuma gado yana rarraba ta kowane zamani, magidanci ba ya yarda ya ba gida tudun da yake ci daga gare shi. Wurin da ya rage shi ne wanda kakanni suka tsallake: kwari, bakin fadama, tsohon kududdufi, juji. Na biyu fari. Ruwa ya ja baya sosai daga ƙarshen shekarun 1960, aka yi farin 1972 zuwa 1973 da na 1983 zuwa 1984. Kududdufai da yawa sun ƙafe, kwaruruka sun bushe, har wanda ya taso a lokacin ya ɗauka haka wurin yake tun asali. An yanka filaye, an yi ciko da shara da ɓaraguzai da rairayi, an yi gini. Daga shekarun 1990 damina ta fara dawowa da ƙarfinta, ruwa kuma ya nemi tsohuwar hanyarsa ya tarar da ɗakuna a kai.

Ginin bulo na ƙauye ya gaji abu ɗaya daga na ƙasa, wato gajeren rami, ya zubar da sauran. Bangon bulo mai rami a ciki ya fi bangon tubali sauƙin nauyi ƙwarai, kuma wannan kaɗai ya isa ya wanke yashi daga zargi, domin ƙasar da ta ɗauki mai nauyi ba za ta gaza da marar nauyi ba sai da wani dalili. Dalilin shi ne bulo ba ya lanƙwasa. In kusurwa ta sauka da kaurin yatsa, tsaga ce za ta bi layin siminti kamar matakala. Ƙa'idar da birkiloli suke koya ita ce faɗin kankaren harsashi ya ninka kaurin bulo sau uku, amma in kuɗi ya yi kaɗan nan ake fara ragewa, tunda ba wanda zai gani. Ana ta da ɗaki cikin mako biyu, wani lokaci da tsakiyar damina. Kwanon rufi yana zubo da ruwansa duka a layi ɗaya dab da bango, ba kamar indararo mai wurga shi nesa ba. Masai da ramin ruwan wanka ana haƙa su jikin katanga saboda ƙarancin fili, suna jiƙa ƙasar gefe ɗaya rani da damina, wanda shi ne ainihin abin da ke sa ɓangare ya zauna ya bar ɓangare. Ga kuma girgiza, wadda kakanni ba su sani ba: injin niƙa, janareta, da manyan motocin da ke wucewa dare da rana a hanyar Katsina da ta Daura. A kewayen kasuwar Dawanau, inda ake jibge buhunan hatsi har kusa da rufi a kan daɓen sito, nauyin da ke kan ciko yakan fi na bangon kansa.

Mai musu zai ce ai gidajen ƙasa ne suka fi rushewa da damina, kuma haka ne. A ambaliyar Agustan 1988, shekarar da madatsar ruwa ta Bagauda ta ɓalle, gidajen ƙasa ne suka fi kwantawa a Kano da kewaye. Amma a duba yadda suke faɗuwa. Yawanci ruwa ne yake kwanciya a gindin bango ya jiƙa tubali ya narkar da shi, ko rufin da ba a yi wa yaɓe ba ya sha ruwa ya yi nauyi ya karya azara. Raunin kayan gini ne da rashin gyara, da ruwan da aka toshe wa hanya. Ginin ƙasa an yi shi ne bisa sharaɗin cewa kowace shekara kafin ruwa ya sauka za a yi yaɓe, a toshe tsaga, a ƙara ƙasa a gindin bango ta gangara waje. Da samari suka koma ci-rani da aikin birni, wannan sharaɗi ya karye. Ba wanda yake cewa a koma tubali dole. Siminti ya fi jure ruwa, kuma mai son iyalinsa yana da hujjar zaɓensa. Maganar ita ce ƙarfin bulo ba ya sauka ƙasa ya danƙarar da cikon da ke ƙarƙashinsa.

Wani zai ce maginan da can ba su da awo, gado ne kawai da gwaji, kuma sanin da ya isa soro ba zai isa bene mai hawa uku ba. Wannan ma gaskiya ce, kuma bai kamata a rufe ta ba. Bene na zamani yana tara nauyinsa a kan ƴan ginshiƙai, nauyin yana ratsa ƙasa zuwa zurfin da ya ninka faɗin gindin ginshiƙin, inda idon magini ba ya kaiwa. Nan sai injiniya da gwajin ƙasa. Terzaghi da Ralph Peck, a littafinsu na 1948, sun tsara lissafin harsashi a kan yashi yadda nutsewa ba za ta wuce inci ɗaya ba, wato milimita 25, kuma ana gane danƙarewar yashin ne ta ƙirga bugun da ake yi kafin ƙarfen gwaji ya shiga. Wanda zai ta da bene a Bichi ko Gezawa ya ƙi biyan wannan, ya yi ganganci da ran mutane. Sai dai mafi yawan abin da ake ginawa a karkara ɗakuna ne na ƙasa-ƙasa, kuma a kansu abin da injiniya zai faɗa bayan ya gama awonsa bai yi nisa da abin da tsohon magini yake yi ba: a wuce sakakkiyar ƙasa, a faɗaɗa gindi, a kori ruwa.

Hujjar talauci ita ce ta fi nauyi, domin mutumin da ke tara bulo ɗari-ɗari daga kakar bana zuwa ta baɗi ba shi da kuɗin kiran masani. Amma abubuwan da suka fi ceton gini a kan jigawa ba su ne masu tsada ba. Haƙa ramin gwaji a kusurwoyin fili aikin lebura ne na yini guda, kuma in an ga leda da toka da fasassun tukwane a zurfi, an san ciko ne. Zuba ciko a shimfiɗa mai kaurin taƙi, a yayyafa ruwa a daddaka kafin a ƙara wata, lokaci yake ci. Barin ciko ya sha damina ɗaya kafin a yi gini a kansa haƙuri yake nema. Nisanta masai daga bango da yin gangare a gindinsa shawara ce ta ranar awon fili. Kuɗin gyaran ɗakin da ya dare ya fi duk waɗannan a haɗe.

Abu ɗaya ne mai gini ba zai iya yi wa kansa ba, shi ne sanin abin da filinsa yake shekara hamsin da suka wuce, musamman in baƙo ne ya saya ta hannun dillali. Wannan sani yana wurin dattawan da suka yi iyo a kududdufan da yanzu aka yanka fuloti, kuma suna ƙarewa. Najeriya tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2006, amma ba ya zuwa ƙauye, dagaci da mai unguwa kuwa suna nan, kuma da saninsu ake cinikin fili. Ya kamata ƙananan hukumomin arewacin Kano su sa kowane mai unguwa ya zauna da dattawansa da tsofaffin magina da mahaƙan rijiya, a rubuta inda kududdufai da jujai da hanyoyin ruwa suke a da, a ajiye takardar a wurin dagaci, kuma a karanta wa duk mai sayen fili kafin ya biya kuɗi.